Larabar Mama Hadassah

"A hankali, Malam Samson, ni ba buhun masara ba ce," in ji Mama Hadassah, ina ɗora ta cikin keke. Da buhu ce da ta fi haka nauyi.

Katanga ɗaya ta raba mu a Sabon Tasha. Shekara huɗu ke nan da aka tsare ɗanta Friday ba shari'a, don ya tsaya gaban katafila ranar da aka zo rushe layinsu. Tun lokacin, kowace Laraba da safe, ita da matan zumunta na cocinsu sukan ɗaura zanensu iri ɗaya, su durƙusa a bakin ƙofar gidan yarin da yake ciki. Ba kwali, ba zagi. Masu gadin suke yi wa addu'a, kowa da sunansa, har da hawan jinin matar Kofur Nuhu.

Na karanta kimiyyar siyasa a jami'a, na san waƙa ba ta buɗe ƙofar ƙarfe. Na faɗa mata haka.

"To, mai digiri, riƙe mini lema."

A Larabar nan da na kai ta a keke, ba ta iya durƙusawa ba. Kofur Nuhu ya fito da bencinsa.

"Mama, ki koma gida, don Allah. Ranar nan ba taki ba ce."

"Ɗana, in gan shi kawai. Ko ta taga."

"Ba ni da iko, Mama."

"Na sani. Ya jikin maiɗakin naka?"

Ya kau da kai.

Ran Asabar da rana ta sa na buɗe mata labule, wai in Friday ya shigo layi ta riga kowa gani. Mai ruwa ya wuce, sai 'yan makarantar da suka taso daga lesin. Kafin la'asar ta rasu, fuskarta na kallon titi.

Abin da aka hana mai rai, sai ga shi an bai wa gawa. Ranar jana'iza wata mota ta tsaya a bakin makabarta, aka fito da Friday da ankwa a hannu. Minti goma, in ji takarda. Mata suka yi ƙasa da murya.

Da fasto ya ce a zuba ƙasa, Friday ya sunkuya, sarƙar da ta haɗa shi da mai tsaronsa ta hana shi kaiwa. Kofur Nuhu, da ke cikin masu rakiyarsa, ya durƙusa da kakinsa, ya ɗebo jar ƙasa, ya zuba masa a tafin hannu.