Rijiyar Lambun Malam Magaji

Shekara goma sha tara ke nan da Malam Magaji ya baro ƙauyensu ta wajen Bunkure, ya samu aron wani fili a bayan gidajen Darmanawa ya yi lambu. Da hannunsa ya haƙa rijiyar ban ruwa. Matan unguwa har daga Unguwa Uku suke zuwa sayen latas da alayyafo, don an san ganyensa ba ya warin magani. Tun shekarar da feshi ya kwantar da shi sati biyu yana amai ya bar shi, ya koma toka da ruwan darbejiya.

Shi ya sa da Basira ta fara zuwa da kwalabenta ko a jikinsa. 'Yar Gyaɗi-Gyaɗi ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje. Duk wata uku take zaga lambunan Tarauni tana ɗibar ƙasa da ruwa, a duba ko akwai ragowar maganin ƙwari. Shi yake jawo mata guga, har yakan tsokane ta cewa a nan dai wahalar banza take yi.

Wata ranar Talata da hantsi ta sauka daga adaidaita sahu, ba kwalba ko ɗaya a hannunta, sai takarda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe ba ta miƙe ba.

"Baba, sakamako ya fito. Akwai magani a ruwan rijiyar nan, da ƙasar, har cikin ganyen. Ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba."

Ya ajiye fartanya. "'Yar nan, kun dai haɗa kwalbata da ta wani. Rabona da feshi shekara goma sha ɗaya."

"Ni ma haka na zata, shi ya sa na sake ɗiba sau biyu ban faɗa maka ba. Ba irin na kasuwa ba ne, Baba. Tsohon magani ne da aka daina shigo da shi tun ban yi wayo ba. Irinsa ba ya ruɓewa, sai ya shekara arba'in a ƙasa yana nan. Ka taɓa ganin wani abu a binne a filin nan?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna. Lokacin haƙar rijiya, a gaba na biyu, digarsa ta daki ƙarfe. Wasu tsofaffin duro ne guda uku, tsatsa ta cinye su, da farin gari a daskare a ciki. Ya ɗauka siminti ne. Ya fito da su ya binne a gefe, ya ci gaba da haƙa.

Ya kai ta wurin, taku shida daga bakin rijiyar. Ta kafa ƙaramar tuta ja, ta ce za ta kai rahoto a zo a tone, amma ba ta san yaushe ba. Ta ƙara da cewa ya kawo iyalinsa a gwada jininsu.

Bayan tafiyarta Auwalu, mai lambun da ke maƙwabtaka, ya tsallako rai a ɓace. "Malam, rufa mana asiri ka cire tutar nan. Idan magana ta fita, duk layin nan ba mai sake sayen ganyenmu."

Malam Magaji ya bar tutar a inda take. Ana haka Hajiya Saude ta iso da kwandonta, tana son alayyafo saboda 'yarta mai jego. Ya dubi ganyen, kore shar, ba tabo ko ɗaya.

"Hajiya, yau babu."

"Ga shi ina gani, Malam?"

"Ba na sayarwa ba ne. Ki yi haƙuri."

Ta tafi tana mita. Ya janyo tsohon kwanon rufi ya rufe rijiyar, ya danne da dutse, ya kama hanyar gida tun kafin azahar, abin da bai saba ba.

Daga soro ya jiyo ƙamshin miya. Matarsa Hasana tana bakin murhu tana juya alayyafon da ya kawo jiya, jikokinsu sun jera kwanuka suna jira. Ya tsaya riƙe da bango, yana lissafa shekarun da suka yi suna cin wannan miyar.

"Lafiya, Malam?" in ji ta.

"Sauke tukunyar nan, Hasana," ya ce. "Zo ki zauna, akwai magana."