Kaset Zuwa Ga Iya Indo

Alhazan Kano za su tashi bayan la'asar, kuma Malam Ja'afaru, maƙwabcin Iya Indo, kakar Hibatullahi, ya ce mai saƙo ya kai masa masauki. Shi ya sa Hibatullahi ta kulle kanta a ɗaki, a gidansu na unguwar Ƙurban, nan ƙasa mai tsarki, da rakoda a cinya. Iya Indo ba ta karanta wasiƙa, murya ake aika mata. Wannan ne kaset na farko da zai tafi babu muryar Umma, don tun kafin azumi aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Ta danna jan maɓalli. "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina miƙa ta'aziyyata..." Ta mayar ta saurara. Sai ka ce mai karanta labarai. Ta goge. Na biyun kuwa rabinsa Larabci ne.

Baba ya ƙwanƙwasa. "Ya binti, kin gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To a yi da ladabi. Kada a ce 'ya'yan Badamasi sun zubar da Hausa."

Kusa da matashinta akwai wani tsohon littafin labari na Amurka da ta aro wajen matar wani likita. A ciki wani manomi ya binne ɗansa. Bai yi Turancin makaranta ba, maganar gonarsu ya yi, yana haɗiye kalmomi, yana ta nanata abu ɗaya, wai yaron ko abincinsa bai ci ba. Da malamarsu ce, da ta bi kowane layi da jan biro. Amma a nan ne Hibatullahi ta yi kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza.

Ta sake dannawa.

"Ke tsohuwa, ni ce. Hausata ta karkace, malesh, ba komai, yi dariyarki. Iya, kukar da kika aiko tana nan. Ba wanda ya iya kaɗa ta. Na gwada, duk ta yi gudaji. Baba ya ci, bai ce komai ba. Iya, gidan nan shiru. Wallahi shiru."

Maganar ta ƙare mata. Kaset ya ci gaba da juyawa yana ɗaukar numfashinta, ba ta goge ba.

Da ta miƙa wa Baba, ya ce, "In saurara tukuna?"

Ta girgiza kai. Ya sa kaset ɗin a aljihu ya sauka. Ta tsaya a taga har motarsa ta sha kwana. Amsa kuma sai baɗi, in Allah ya kai rai.