Layin Mak Karsih

Ni na yi wa Mak Karsih rajistar layinta, don haka kada wani ya ce min laifin hukuma ne kaɗai. Shagona na sayar da layi da kati yana bakin kasuwar kifi a garin Tegal, kuma tsofaffin unguwarmu ba sa wahalar da kansu da takardu. Su miƙo waya, ni in danna. Ranar da ta zo, takardar iyalinta ta jiƙe a ambaliya, rubutun duk ya goge. Na ce, "Bar shi kawai, Mak," wato Inna, na saka lambar katin shaidar mijina. Mutum goma sha ɗaya na yi wa haka. Har soyayyiyar awara ake kawo min don godiya.

Ɗanta Tarmudi yana aiki a jirgin kamun kifi na ƙasar waje. Sukan yi wata takwas ba su ga tudu ba, kuma ba shi da waya a can. In sun tsaya a wata tasha, sai ya ari ta wani ya kira lamba ɗaya tak da ya haddace, ta uwarsa.

Sai kamfani ya fara tantancewa, wai layi uku kawai aka yarda wa mutum ɗaya. Saƙon gargaɗi ya shigo mata, ita kuwa ba ta karatu. Aka rufe layin. Wata huɗu tana yawo da wayar ƙulle a bakin zani, tana cewa, "Rohati, yaron nan shiru." Ni kuma sakarya ina ce mata ai halin teku ne.

Ranar da na karɓi wayar don in duba, sai na ga an rufe layin. Na rufe shago na hau babur sai ofishinsu. Ma'aikaciyar ta yi min murmushin nan nasu mai ƙona rai, tana kirana Bu, wato uwargida.

"Layin ba da sunanta yake ba, Bu. Kuma an riga an mayar da lambar kasuwa."

"Kasuwa? Kifi ce?"

"Haka doka ta ce, Bu."

Na so in zage ta, amma da wane baki? Na fito na tsaya a rana na kira tsohuwar lambar. Wani mutum ya ɗauka, ya ce daga Medan yake, can wani gari mai nisa, direban mota ne. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Af, ashe shi ne. Sau biyu ya kira watan jiya, ana ta hayaniya a bayansa. Yana ta cewa Mak, Mak. Na ce ba ita ba ce."

"Na biyun fa?"

"Ya tambaya ko mai layin ta rasu ne. Na ce ni dai a shago na saya. Sai ya kashe."

Na roƙe shi da girman Allah, in yaron ya sake kira ya ba shi lambata. Na ce ya duba lambar da aka kira shi da ita, ya ce ya goge tuntuni.

"Gaskiya, Bu, don garaɓasar data na saye shi. Ta ƙare, ranar Asabar zan yar da shi in sayi sabo."

Haka kowa ke yi. Ni kaina da wannan nake ci. Na ce ya riƙe, zan riƙa saka masa kati duk wata. Ya yi dariya, ya ce shi ma an sha kiransa da irin wannan labari don a damfare shi. Ya kashe. Na sake kira, bai ɗauka ba.

Da na dawo na tarar da Mak Karsih zaune a bencin shagona, ta kwance wayar daga zani ta ɗora a cinya.

"Sun gyara, 'yar nan?"

Na ce, "Na samo miki sabon layi, Mak."

Ta yi murna ƙwarai. Ta ce, "Madalla. To, saka min ƙarar da ƙarfi, kada ya kira ban ji ba."