Maƙalin Shanyata

"Lawal, hannuna ya fara tsami," in ji Baban Emma, idonsa na sama.

Jirgin nasa yana can saitin duwatsu, fari da jan bindi, tsawonsa bai kai tabarmar sallah ba. Ni da matarsa Martina muna bakin fili a cikin adaidaita sahun da ya kawo mu. Kwanansa uku da fitowa daga asibiti, ya ce shi a kai shi ya tashi jirgi. Muka yi faɗan, muka gaji, muka ɗauko masa kujera.

Sunansa Peter, mutumin Filato ne, gyaran rediyo ya kawo shi Kazaure tun ban yi aure ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ya koya wa maigidana, Malam Muhammadu Lawal, wannan wasa na jiragen da ake tuƙawa da rimot, har suka yi furfura a kansa. Na sha ce musu yara ma sun fi su hankali.

Tsofaffin rimot ɗinsu masu doguwar eriya ne kamar sandar kamun kifi, kuma mitarsu ɗaya. In aka kunna duka biyu, jirgi ya rasa wanda zai saurara, ya yo ƙasa. Don haka suka kafa doka: wanda jan maƙali yake bakin eriyarsa shi kaɗai zai kunna. Maƙalin nan na shanyata ne. Daga kan igiyata Malam ya zare shi, shekara da shekaru ina cigiya.

Bara ɗanmu ya aiko wa Malam sabon rimot daga Kano, mai guntuwar eriya kamar ɗan yatsa. Shi wannan jirginsa kaɗai ya sani, ko mutum goma suka kunna ba ruwan wani da wani. Malam ya yi ta yabonsa, kuma gaskiya abin ya fi tsohon kyau. Baban Emma ya jujjuya shi ya mayar.

"Yana da kyau. To amma in kowa da nasa, wa zai jira wani? Zaman jiran ne hirar, Lawal."

Ran nan dai Malam sabon rimot ɗin ya ɗauko. Ni ce na cusa tsohon a jaka, da batir ɗinsa, don kada maƙwabcinmu ya ga kamar an bar shi shi kaɗai.

Jirgin ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata. Na ga yatsun Baban Emma suna rawa a kan sandunan rimot ɗinsa. Da hannunsa ya fere kowane katako na jirgin nan, kuma duk mun san ba zai ƙera wani ba. In ya daki dutse a gabansa, da wannan zai koma gida.

Malam ya dubi sabon rimot ɗin da ke hannunsa. Ba abin da zai iya yi da shi.

"Ikilima, tsohon yana nan?"

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na miƙa wa Malam, ya zaro eriyar har ƙarshe, ya durƙusa gefen kujera.

"Oga Peter, in ka shirya."

"Na kashe. Karɓa."

Jirgin ya yi ɗan dungure kamar wanda ya yi tuntuɓe, sannan ya daidaita. Malam ya kewayo da shi ta bayan kuka, Baban Emma yana faɗin, "Rage wuta. Rage. Kai dai ba ka taɓa iya sauka ba." Ya sauka lafiya lau, ya gangaro har kusa da takalmin mai shi.

Baban Emma ya yi dariya har da tari. Ya nuna bakin eriyarsa.

"Ka karya doka. Maƙali yana wurina ka kunna."

"To ba ni."

"Sai Asabar. Yau maƙalin nawa ne."

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu, Martina tana ba shi kunu. Ta ce bai sha wahala ba, yana ma cikin ba ta labarin saukar. Na yi kuka sosai, amma raina a kwance yake, don na ga fuskarsa a filin nan.

Da za ta koma Filato, Martina ta kawo mana jirgin da rimot ɗin a cikin kwali. Malam har yanzu yana fita ran Asabar da sabon nasa. Tsofaffin biyu suna rataye a ƙusa ɗaya a zaure, bai ƙara kunna nasa ba.

Jiya ina shanya, maƙali ɗaya ya gaza mini. Na shiga zaure, na tsaya, na dubi jan nan a bakin eriyar Baban Emma. Sai na bar shi a wurin, na dawo na ɗaure zanen a igiya da bakinsa.