Dutse Mai Rai a Zauren Tambari

Ni Alhaji Tambari na Goronyo, bokona bai wuce yaƙi da jahilci ba, amma ban taɓa faɗin abin da idona bai gani ba. Ina saurayi nit tafi hajji ta ƙasa, guzuri yay yanke mani a Suwakin, bakin Bahar Maliya, nik kama aiki cikin jirgin wasu masunta. Can nig ga abin da yaj ja mani suna. Ƙarƙashin ruwan gishirin nan akwai duwatsu masu rai. Suna toho awa furen albasa, wani kore, wani ja, wani ruwan ɗorawa. In ka kai hannu su tsuke, in ka janye su buɗe.

Da nid dawo nib ba da labari a majalisa. Taubashina Maccido, ɗan ƙanwar babana, yay yi dariya har hularsa taf faɗi.

"Dutse da rai? To mi shike ci, tuwo ko fura?"

Daga ranar nan niz zama Alhaji Dutse-mai-rai. Wasan taubashi ba a fushi da shi, nik kyale. Amma bayan an gina dam an raba filayen rani, sai anka yi gardamar iyakar wata gonar albasa, anka kira ni shaida gaban mai unguwa, don ina wurin ranar da anka ja kunyar. Ina cikin magana Maccido yac ce, "Ku bi a hankali, wanga shaida ya ga dutse na numfashi." Anka fashe da dariya, anka nemi wani mai shaida. Tun daga nan ba a sake kirana ba. Dattijon da maganarsa ba ta raba gardama, rawani kawai gare shi.

Jikata Sauda tana aiki wurin ƙyanƙyasar kifi kusa da dam. Ita kaɗai ke zama ta saurari labarin Suwakin har ƙarshe. Wata rana sai ga ta da akwatin gilashi cikin a-kori-kura, tsawonsa kamu biyu, tas sa anka aza shi bisa teburin ƙarfe cikin zaurena.

"Angona, na gaji da ana yi maka dariya," tac ce. "Tunda ba su zuwa teku, teku za ta zo musu."

Nic ce, "Amarya, teku cikin akwati? Ki kula, kar ki ƙara mani suna na biyu."

Ku da kuke zuwa yanzu kuna tambayata yadda anka yi, ku buɗe kunne, ba ni maimaitawa. Akwatin shi ne ƙaramin abu. Na fari ruwa: ba na dam ba, ba na rijiya ba, sai wanda yab bi ta matacin da ke ɗigo da kaɗan da kaɗan awa hawayen marowaci. Na biyu gishiri: ba na miya ba, ba manda ba, ba kanwa ba, akwai nasa na musamman cikin buhu da Sauda tas sa anka kawo daga Legas. Da shi akwai ma'auni mai kama da guntun rake, a ɗiga ruwa a bakinsa a leƙa, shi faɗi ko gishirin ya yi. Sai ɗan injin da ke kaɗa ruwa ba tsayawa, don teku ba ta barci. Sai fitila mai shuɗin haske a bisa, don shi dutsen, haske shike ci, ga amsar Maccido nan. Sai sola da batir, don wanda yad dogara da wutar gari ya haƙa wa dutsensa kabari. Kuma mu nan ba mu neman abin ɗumama ruwa da Turawa ke sawa. Zafi ne abokin gabanmu, don haka ƙaramar fanka ke hura fuskar ruwan, ga ma'aunin zafi manne da gilashi. In ruwa ya ragu, tataccen ruwa zalla za ka ƙara, don ruwa ke tashi, gishiri na nan zaune.

Na ƙarshe, wanda ba a sayarwa a kasuwa, shi ne haƙuri. Sauda taz zuba farin yashi, taj jera busassun duwatsu masu ramuka, tac ce sai ruwan ya yi makonni shina kaɗawa kafin a sa abu mai rai, sai ya nuna. Maccido kullum sai ya leƙo.

"Alhaji, ina kwana? Ina kwanan duwatsu? Sun tashi lafiya?"

"Mai haƙuri shi ka dafa dutse," nic ce.

"To in romon ya yi a sammana."

Da ruwan yan nuna, Sauda tay yi waya Legas, mai sayar da dutsen murjani yab ba Lawwali direban albasa saƙon, wanda ke dawowa gida ba kaya. Suna bisa hanya abin yaf faru.

Albasata ta yi kyau shekaran nan, nis sa anka kai wa Turai matar Maccido kwarya guda. Kun san mu, kwarya ba ta komawa gidansu wayam. Ranar Juma'a ina masallaci, Sauda na wurin aiki, Turai tas shigo da kwaryar cike da ruwan dam da 'yan tarwaɗa masu rai. Da nid dawo nit tarar da ita ƙofar zaure tana murmushi.

"Alhaji, kullum in na wuce sai in ga akwatinga ba ko kifi ɗaya, ana ta yi maka dariya. Na ce ba a gabana ba. Na zuba maka, su yi ta haihuwa."

Nan take nis san an yi ɓarna. Amma wanda yak kawo maka alheri ba ka mayar masa da kunya. Nic ce, "Allah shi saka, Turai, Allah shi bar zumunci." Tana juya baya nil leƙa. Gishiri ya riga ya ƙone su, sun kutsa cikin ramukan duwatsu sun mutu inda hannu ba shi kai. Kafin Sauda ta iso ruwan ya yi fari awa tsarin nono, ga ƙarni. Ruwa ba shi tsami banza.

Tad ɗebo kaɗan cikin 'yar kwalba, taɗ ɗiga magani, ruwan yak koma kore. Taz zauna bisa tabarma.

"Kaka, in murjanin ya shiga wanga ruwa, mutuwa zai yi. Lawwali kuwa ya wuce Kwantagora."

Ba ta ce mani Kaka sai magana ta yi nauyi. Nic ce mu zubar mu sake. Tac ce gishirin da yar rage ba shi cika akwatin, kuma sabon ruwa ɗanye ne. Nic ce ga gishiri tuli a kasuwa. Tad dube ni awa na ce a yi alwala da kunu. Abin da za a yi, in ji ta, a fid da duwatsu ɗaya bayan ɗaya a zaƙulo mushen, a canja rabin ruwan, a bar sauran shi warke da kansa. Murjanin kuwa shi jira cikin bokiti da ɗan inji. To amma bokiti cikin zafin bazarar Goronyo tukunya ne.

Magana ba ta ɓuya a unguwa. Washegari da hantsi sai ga Turai, ido jawur, tana mirgino babbar randarta.

"Alhaji, ashe ɓarna niy yi kab bar ni ina ta murna?"

"Ba ki yi ɓarna ba, kyauta kinka yi. Teku ce ba ta san zumunci ba."

Taz zuba jiƙaƙƙen yashi cikin randar, Sauda tad dasa bokitin a tsakiya, anka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Lawwali yaz zo da 'yan ƙullin leda, cikin kowane ɗan dunƙule mai launin ƙasa awa busasshiyar daddawa. Turai ita tar riƙe aikin yayyafa wa buhun ruwa, ko tuwon Maccido sai da yay yi latti. Shi kuwa da yal leƙa bokitin sai yac ce, "Wagga daddawa anka ɗauko tun daga Legas? Da kun tambaye ni, akwai ta Wurno."

Nid duƙa nid dube su. Nima a raina na ji tsoro, don ba haka nis san su ba.

Kwalbar Sauda tay yi ta sauya launi kullum, daga kore har tad dawo ruwan ɗorawa. Sannan tas sa dunƙulen bisa duwatsu, tak kunna fitila. Kwana da kwanaki ba motsi. Nib bar zuwa majalisa, ina zaune gaban gilashi da tasbahata.

Wata safiya bayan an sha kunu, nig ga ɗaya ya tsage. Kafin rana ta ɗaga duk sun buɗe, 'yan furanni kore masu jan tsakiya, suna rausaya cikin ruwa. Nig ga Suwakin, nij ji warin kwaltar jirgin nan. Ban aika kiran kowa ba. Turai ce tal leƙo tag gani, taf fita ba ko takalmi tana shela.

Zaure yac cika. Maccido yar ratso mutane da sandarsa, yad duƙa har hancinsa na taɓa gilashi.

"Roba ta," yac ce. "Irin furen da aka sa wa motar amarya."

Sauda tam miƙa masa tsinken tsintsiya da taw wanke. "Kaka Maccido, taɓa da kanka. A hankali, ba jaki ba ne."

Yas sa tsinken. Furen yat tsuke, na kusa da shi ma sunka tsuke. Yaj janye hannu da sauri awa ya taɓa garwashi. Munka zuba ido, har sunka sake buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yas sake taɓawa. Sai da yay yi sau uku Sauda tak karɓe tsinken.

Yad daɗe bai ɗago ba. Sannan yac ce, "Tambari, ashe duk shekarun ga..." Bai ƙarasa ba, yag gyara hularsa.

"Gani ya kori ji," nic ce. "Ga romon, sha."

Da kaka tay yi, anka sake gardamar iyaka a filayen rani, tsakanin wasu 'yan'uwa biyu. Mai unguwa na tambayar wa ke da masaniya, Maccido yam miƙe tun ba a gama ba.

"A kira Alhaji Dutse-mai-rai. In ya ce nan ta, to nan ta."

Nis sa rawanina nit tafi. Sunan na nan har yau, kuma ina amsawa.