Kujerar da Ka Zaunar da Autata

Kai ka lalata mini 'ya, malamin horo. Kai ɗin nan mai farin tabarau da sanyin murya, da aka kawo asibitin masu taɓin hankali wai ka ƙara wa ma'aikata ilimi. Ban yi boko ba, amma na san abin da na haifa, kuma ba shi aka dawo mini da shi ba.

Autata nas ce a ɓangaren mata. Tun da yaƙin nan ya ɓarke take fama da waɗanda ƙarar bam ta kwashe wa hankali, amma ba ta taɓa shigo mini da ciwon kowa gida ba. Ta dawo, ta wanke hannu, ta ci abinci, ta hau tsokanata.

"Inna, na ajiye miki gado kusa da taga."

"Uwarki ce mahaukaciya!"

"To, ai abin da na ce ke nan."

Gajera, abokiyar aikinta, ita ta kwashe komai ta gaya mini. Ka tara su a ɗakin taro, tagogi duk an toshe da buhunan yashi. Ka ajiye kujera biyu suna kallon juna. Ka ce kowacce ta zaɓi majinyaciyar da ta fi tsaya mata a rai, ta zauna ta zama ita, ɗaya kuma ta gwada rarrashinta. Ka ce in an gama, kai da kanka za ka kama hannun wadda ta zauna ka tashe ta, ta faɗi sunanta da ƙarfi, ta sha ruwa, don kada ta tafi da kayan wani. Haka ka yi wa na farko, har ana dariya.

Auta ta zaɓi wata baiwar Allah da gini ya rufta wa 'ya'yanta, wadda daga baya ta rasu a hannun Auta. Kafin ta rasu, matar kullum tana bakin taga, rungume da takalmin yaro ƙafa ɗaya, tana tambayar duk wanda ya wuce ko an buɗe hanya. Gajera ta ce da Auta ta buɗe baki sai ka rantse matar ce ta dawo. Kai kuwa kana cewa, "Madalla, ci gaba, shiga sosai, kada ki tashi sai na ce."

Sai aka saki bam bayan tankin ruwa. Kowa ya ruga ƙarƙashin bene. Kai motar ƙungiyarku ta sure ka. Da ƙura ta lafa aka dawo, Auta na nan kan kujera, farar ƙasa a ɗankwalinta, hannuwanta a ƙirji kamar ta riƙe wani abu.

Yanzu tana ɗakina, bakin taga. Yarinyar da ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ita ke zuba abinci a ƙananan kwanuka tana kiran yara. Muryar ma ba tata ba ce, wata dusasshiya ce, ta girme ni. In na shigo da tsintsiya ta ɗago ta dube ni.

"Nas, an buɗe hanyar?"

"Ni ce Innarki, don ubanki!"

"Sannu da aiki, nas. Suna jira na."

Gajera ta zo ta gwada irin naka. Ta kama hannunta, ta miƙa mata ruwa. "Ke, 'yar rainin wayo, tashi, aiki ya yi mana yawa. Faɗi sunanki." Wallahi a nan na ji muryar 'yata, siririya, kamar daga ƙasan rijiya: "Malam bai ce a tashi ba." Daga nan ba ta sake fitowa ba.

Na je wurin shugaban asibiti. Ya ce gajiya ce, ya ce yaƙi ne, ya ce ƙila dama a jininmu yake. Ya miƙo mini takardar shaida mai zanen zinariya, wai Auta ta kammala horo. Na ce ya jiƙa ya sha. Ya ce in ba ta koma aiki ba za su kwantar da ita, a ɗakin da take raba magani.

An ce kana can ƙetaren iyaka, kana koyar da wasu ta waya, har yanzu kana zaunar da 'ya'yan mutane. Ban ce kai ka jefa bam ba. Gudu kuma kowa ya yi. Amma hanya ta buɗe tuni, motocinku na shiga suna fita, ko sau ɗaya ba ka tambayi wa ka bari a zaune ba.

Ba na son ta'aziyya, 'yata ba ta mutu ba. Ka zo ɗakin nan da ƙafarka ka ce mata ta tashi. In ta tashi, in ba ta tashi ba, sai ka tsaya gabana da gaban waɗanda suka aiko ka, ka faɗa mana da bakinka wanda zai amsa laifin wannan abu.