Uwa da 'Ya

Faifan ajiyar kwamfuta biyu ne a kan teburin marigayin, baƙaƙe, girmansu ɗaya, kamar an tsaga kara. Ya manna wa kowanne guntun salatif na takarda. A kan ɗaya ya rubuta "uwa", a kan ɗayan "'ya".

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, kuma matarsa ta san ma'anar rubutun duk da karatunta bai yi nisa ba. Uwa ita ce mai kaya a ciki, 'ya kuwa sabuwa ce fil, ita ake juye wa. Kwamfutar gidan ɗaki biyu ya yi mata: idan an kunna sai ta tambaya wanne za a shiga, na 'yarsu mai karatu ko nasa. A nasa ya tara hotunansu na shekara goma sha tara, da muryarsa da yake ɗauka yana yi wa yarinyar bayanin gyara. Da ɗakin yarinyar ya cika, ya ce zai matsa katanga ya rage nasa, amma ba a taɓa katanga sai an kwafe kaya. Ya ciro faifan, ya sayo irinsa, ya yi rubutun. Washegari ciwo ya kwantar da shi, bai sake zama a kujerar ba.

Wata biyu da rasuwarsa, tana goge teburin, idonta ya faɗa kan rubutun. Shi ne na ƙarshe da hannunsa ya yi. Ta sa farce ta ɓare duka biyun, ta manna su a cikin murfin gwangwanin allurarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Mace mai shekarunta, tana ɓoyon salatif kamar budurwa da wasiƙa.

Ranar da yarinyar ta dawo hutu ta shaida wa uwar cewa ta kira Baffa, ƙanin mahaifinta, wanda shi ma sana'ar ke nan, ya zo ya ƙarasa aikin. Ta riga ta kwashe takardun makarantarta tun tuni, muryar babanta take so. Uwar ta miƙe tsam. Ta shiga ɗakin aikin marigayin da gwangwanin a ƙarƙashin mayafi, ta tsaya tana kallon faifan biyu. Sau nawa ta ɗaga su tana shara? Ta juya wannan, ta juya wancan, har auna su ta yi a tafin hannu, wai ko mai kayan zai fi nauyi. Da ta ji sallama a ƙofa, ta manna yadda zuciyarta ta raya mata.

Baffa ya shigo da barkwancinsa. Ya ce matar Yaya ta rame, ko don babu mai yaba girkinta ne yanzu. Ta ce ai shi bai taɓa yabawa ba, cinyewa kawai yake yi. Ya fito da wata 'yar na'urar juye faifai mai rami biyu da maɓalli ɗaya. Yarinyar ta tambaya ko ba za a fara dubawa a kwamfuta ba.

"A duba aikin Yaya?" in ji shi. "Mutumin da ko ƙusa ya cire sai ya rubuta mata suna? Shi ya koya mini, 'yata."

Matar tana bakin ƙofa. Maganar ta zo mata har kan harshe, ta dubi gwangwanin da ke kan taga, ta haɗiye. Ta ce a ranta, ai ɗayan biyu ne, Allah ba zai kunyata ta ba. Baffa ya zura faifan biyu a ramukan bisa ga rubutun, ya danna maɓallin.

Fitilu huɗu suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo ruwa, ta koma ta kawo kofi, ta sake goge teburin da ba shi da ƙura. Wajen la'asar ta huɗun ta kama.

Ya sa faifan farko a kwamfutar. Kwamfutar ba ta tambayi ɗakin da za a shiga ba, baƙin allo kawai da layin rubutu ɗaya. Ya sa na biyun. Haka. Barkwancin ya ƙare. Ya gwada wata dabara, ya gwada wata, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Daga baya ya jingina, ya ce an juye wofi a kan mai kaya, kuma wannan na'urar ba ta barin ko ƙura.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, hannunta kawai ta ɗora a baki. Baffa ya daɗe yana kallon salatif ɗin.

"Ashe ciwon ya riga ya fara taɓa shi," ya ce a hankali. "Yaya da kansa ya sauya uwa da 'ya. Allah ya jiƙansa. Kada ki riƙe shi a zuciya."

Ƙofa ce a buɗe ga uwar, da ta yi shiru da ta wuce. Wanda ya mutu ba ya musu. Ta tuna yadda yake lasar bakin alƙalami kafin ya rubuta, yadda yake karantawa sau biyu.

Ta ɗauko gwangwanin, ta buɗe, ta ajiye murfin a gabansu. Sawun danƙo biyu na nan a ciki, zare ya manne a jiki.

"Bai yi kuskure ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Ni na cire. Rubutunsa nake so. Da na ji za ka zo na mayar, ban san wacce ce wacce ba."

 Baffa ya shiga naɗe wayoyinsa, yana naɗewa yana warwarewa. Can ya ce laifinsa ne shi ma, da ya duba. Ya tambayi yarinyar ko ya raba faifan ɗaki biyu kamar dā. Ta ce a'a, ya bar shi ɗaki ɗaya.

Da ya tafi, yarinyar ta zauna a kujerar babanta. Ta sa farce a hankali ta ɓare salatif ɗin duka biyu. Ta manna "uwa" a bayan wayarta. Ɗayan kuma ta mayar cikin murfin gwangwanin, ta danne da babban yatsa, ta tura wa mahaifiyarta ba tare da ta ɗago ba.